Saukewar Waƙar Guga

Balki, gyara zama ki rubuta yadda na faɗa, kada ki yi wa maganata kwalliya. Wannan babin na daɗe ina tura shi gaba. Mun yi na ƙuruciyata, mun yi na zuwanmu Yamai a bayan kamiyo, babbar motar kaya, da tukunya da tabarma, amma duk ranar da muka iso nan sai in ce miki kaina na ciwo. Kakanku yau wata bakwai ke nan yana ƙasa, Allah ya haskaka makwancinsa, kuma tun da ya tafi ba ni da wanda zan ɓoye wa fuska. Dukanku kun tashi kuna jin labarin ranar da na ceci unguwar Kalley a gaban manyan ƙasa. Iyayenku suna ba da shi wurin suna da wurin biki, ni kuma ina zaune ina murmushi. To, ba haka abin ya faru ba, kuma ina so ku ji daga bakina.

Shekara ta biyu ce ko ta uku bayan Nasara ya sauka daga mulki, ban riƙe ba, na dai san ina goye da gwaggonki. Muna haya a Kalley, bayan babbar kasuwa, ɗaki biyu da zaure. Kakanku tela ne, kekensa na ɗinki a zauren yake, daga hantsi har rana ta yi ja ba ka jin komai sai ƙararsa. Ni kuwa abin da na zo da shi daga ƙauyenmu na ƙasar Arewa waƙa ce. Uwata zabiya ce, uwarta ma haka. Ina daka ina rerawa, sai na lura 'yan matan unguwa suna leƙe ta saman zana. Yawancinsu Zabarmawa ne haifaffun Yamai, Hausarsu ta kasuwa ce, sai 'ya'yan direbobi da 'yan koli da aka zo da su daga gabas. Na ce su shigo. Kafin damina ta wuce sun kai ashirin, kullum tsakanin la'asar da magariba tsakar gidanmu a cike. Na koya musu yadda aka koya mini. Ƙafa tukuna, sai tafi, sai faɗuwa, wato yarinya ta shiga tsakiya ta juya ta saki jikinta ta baya ba tare da ta waiga ba, 'yan'uwanta su cafe ta su cilla ta gaba. Baki shi ne na ƙarshe. Ni ina zaune gefe da masakina cike da ruwa, ƙwarya a kife a kai, ina kaɗa musu.

Babbar waƙarmu ita ce waƙar guga. Doguwa ce, zabiya tana ja tana cewa guga ya tafi ƙasa, wa zai jawo mata, 'yan amshi suna cewa ja, ja, 'yar'uwa, ruwa na nesa. Tana da ɗiya da yawa, amma tana da ɗa guda na ƙarshe da muke kira saukewa, inda murya ke karyowa ƙasa, kiɗa ya sauya, ƙafafu su tsaya gaba ɗaya. A ƙasarmu ba a rera saukewa wurin koyo. Idan lokacin tashi ya yi, mai koyarwa ta ɗora tafin hannunta a kan ƙwarya, shi ke nan, a watse. Saukewa sai a fagen gaske, kuma ba a ba wa yarinya ita sai ta kawo goro ta durƙusa ta ce, “Uwata, ki sauke ni.” Kowace 'yar ƙauyenmu ta san haka tun tana tatata. Wadda ba ta sani ba, haƙƙin mai koyarwa ne ta ja ta gefe ta gaya mata. Ki rubuta wannan da kyau, Balki, don a kansa komai ya rataya.

Bibata ta zo mana da tiren kifi a ka. 'Yar masunta ce daga Gudel, can bakin kogi, tana kawo wa uwarta kifi kasuwa, idan ta sayar sai ta biyo ta wurinmu kafin ta kama hanya. Doguwa ce siririya, ba ta fi shekara goma sha shida ba. Sauran suka riƙa toshe hanci suna ce mata 'yar kada. Ni na tsawata musu, na ba ta sabulu, na sa ta kusa da ni. Na so yarinyar nan, wannan ma gaskiya ce, kada ki bar ta. Hausarta a karkace take, amma abin da ta ji sau ɗaya ya zauna. Wata rana mura ta kama ni, muryata ta dushe, na ce wa zai ja mana. Duk suka noƙe. Bibata ta ce, “Yaya Rabi, in gwada?” Na ce gwada. Ta buɗe baki ta ce guga ya tafi ƙasa. Muryar ba ta da tsatsa ko kaɗan, tana hawa ba ta neman inda za ta dafa. Ina cikin kiɗa na ji wani abu ya ɓace a gidan, na rasa ko mene ne. Can na gane. Keken ɗinki ne ya tsaya.

Shekara tara ina waƙa a tsakar gidan mutumin nan yana taka kekensa. Sau ɗaya na san ya bar abin da yake yi domin muryata, a ƙauye, ranar da ya fara ganina a dandali. Kada ki ɗauka wani abu ne, kallon 'ya yake yi wa Bibata har ya koma ga Allah. Kunnensa ne ta ɗauke, kuma kunnen nan nawa ne. Da yaran suka watse na kai masa ruwan alwala, ya ce:

“Wace ce ta ja yau?”

“'Yar mai kifi ce, ta Gudel.”

“Kai! Allah ya yi baiwa a nan.”

“Ai ni na koya mata.”

“Na sani, Rabi. Amma abin da na ji ɗazu ba koya shi ake yi ba.”

Ya faɗa ne da zuciya ɗaya, yana wanke ƙafa. Ni kuwa na koma ɗaki na zauna, na ture tuwon da na tuƙa da hannuna gefe.

Ba a daɗe ba wani ma'aikacin gwamnati mai kula da harkar matasa ya zo, da wando da takalmi sau-ciki, kowa Mushe yake ce masa. Lokacin gari ya ɗauki zumuɗi, ana cewa ƙasa ta zama tamu, a fito da namu na gargajiya a nuna. Ya ce za a yi wasan unguwanni ranar bikin ƙasa, a babban fili, gaban manya, kuma mutanen radiyo za su ɗauka a ji har gabas. Ya ji labarin akwai wata 'yar Arewa a Kalley da ke koya wa yara. Aka shimfiɗa masa tabarma, na ja waƙar guga da duk abin da Allah ya ba ni. Ya gyaɗa kai. Sai wata mai bakin tsiya cikin yaran ta ce ai Bibata ma ta iya. Ya ce a ji. Ba ta kai ɗa na uku ba ya miƙe tsaye.

“Madam, wannan ce za ta tsaya gaba. Wasan na 'yan mata ne, ke ki riƙe musu kiɗa.”

Na ce to. Me zan ce? Da goyo a bayana. Bibata ta zo ta rungume ni tana “Fofo, Yaya Rabi, fofo,” wato tana yi mini godiya da harshensu, ni kuma ina kau da hanci daga ƙarnin kifin da ban taɓa damuwa da shi ba. Waƙar uwata, wadda aka rera ranar aurena, za ta shiga radiyo, mutanen ƙauyenmu su taru gindin akwatin mai gari su ji ta a bakin 'yar da ba ta taɓa jan guga ba, wadda kogi ke wucewa ta ƙofar gidansu.

Wata biyu muka yi muna shiri. Na koya mata kowane ɗa na waƙar, ban rage ko ɗaya ba sai saukewa, har na riƙa gyara mata lafazi har ya fi na wasu Hausawan. Kullum idan magariba ta kawo jiki in ɗora hannu a kan ƙwarya, a watse. Ita a zatonta haka waƙar take ƙarewa. Ban ce mata akwai saukewa ba, ban ce mata ana kawo goro ba. Na riƙa gaya wa kaina ai al'ada ce, ba ta roƙa ba, ba zan bi ta da shi ba. Kakanku ne ya ɗinka wa yaran kayan wasa, zane da riga iri ɗaya, na Bibata ya yi masa aiki a wuya da zare ja. Ana saura kwana uku yana gugar rigar ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

“Kin gaya wa yarinyar nan zancen goro? Ba 'yar ƙasarmu ba ce, ba za ta sani ba.”

“Ta sani.”

“Kin sauke ta ke nan?”

“Malam, ni ina shiga maka ɗinki?”

Ya yi dariya ya ce a'a, Allah ya ba shi haƙuri. Ƙaryar da na fara yi masa ke nan tun da aka kai ni ɗakinsa. Da safen ranar wasan ma Allah ya sake ba ni dama. Muna kan hanya Bibata ta matso ta ce, “Yaya, a can yaya za mu tsaya? Kamar na gida?” Na ce, “Ki dai riƙa dubana.”

Filin ya cika maƙil, rana ta take, manya suna ƙarƙashin rumfa da manyan riguna. Unguwa biyu suka yi kafin mu. Aka kira Kalley, aka tsayar da Bibata gaban ƙarfen magana da suke ce wa mikoro, ni aka ajiye ni can gefe a ƙasa da masakina, 'yan mata biyu masu ƙananan ƙore suna bin hannuna. Ta ja. Wallahi, Balki, filin nan ya yi tsit, har masu tallan ruwa suka tsaya. Yaran suna juyi suna faɗuwa ana cafewa kamar jiki ɗaya. Na hango kakanku cikin jama'a ya ɗaga haɓa, bakinsa a buɗe. Ta kai ɗan ƙarshe da na koya mata, ta waigo ta dube ni. Abin da ya rage in ɗora hannu a kan ƙwarya, da an tafa mata, da babu wanda ya san an bar wani abu sai 'yan ƙasarmu. Na sunkuyar da kai na ci gaba da kiɗa.

Ta koma farko ta sake ja. Ta kai ƙarshe, ta dube ni, na dubi ruwan masaki. Ta koma karo na uku. Ni na hore su ƙafa ba ta tsayawa muddin ƙwarya na magana, don haka suka yi ta juyi cikin rana, gumi ya jiƙa sababbin rigunan. Muryarta ta fara tsagewa. Mushe yana gefe yana ta yi mata alama da hannu ta yanke, ita kuma ba ta san ta inda ake yankewa ba. Wata yarinya ta saki jiki ta baya, hannuwan masu cafewa sun mutu, ta sha ƙasa. Aka fara dariya daga baya, dariyar ta taho gaba. Wani ya ɗaga murya ya ce, “A ba su ruwa mana, rijiyar ta ƙafe!” Bibata ta tsaya baki buɗe, sauti ba ya fita, idonta a kaina.

A nan na miƙe. Na miƙa wa ta kusa da ni sandar kiɗa, na gyara goyona, na je na tsaya gabanta, na karya murya na ce tulu ya cika, na naɗe igiya, mai jiran ruwa tashi mu je gida. Na daki ƙasa sau uku da ƙafa, kiɗa ya ɗauke, yaran suka tsaya cak. Fili ya ɗauki guɗa. Wata matar babban mutum ta cire mayafinta ta yafa mini. Mushe ya riƙa cewa Madam ta fitar da mu kunya. Muryata ce ta shiga radiyo, kuma labarin da kuka gada ke nan. Ba zan yi miki ƙarya ba, na ji daɗi. Daɗin ya kai ni har ƙofar gida. Ban ma nemi inda Bibata ta yi ba.

Na tarar da kakanku a zaure zaune gaban kekensa, ba ya ɗinki. Na tsaya da mayafin a kafaɗa ina jiran barka. Ya ɗago ya ce:

“Rabi, na ga hannunki.”

“Wane hannu?”

“Sau uku ta dube ki. Ni ɗan ƙasarku ne, na san inda ake ɗora hannu.” Ya numfasa. “Ba zan gaya wa kowa ba. Abu ɗaya nake so. Ki ce ta fi ki murya, ko a nan ne tsakanina da ke, sannan ki je Gudel ki ba ta abinta.”

“Ba ta fi ni ba.”

“To.”

To ɗin nan ita ce ƙarshen maganar. Bai sake tayar da ita ba har muka tsufa, har ɗanmu ya ɗauko mu ya kawo mu nan unguwar Banifandu. Bai taɓa rage ni da komai ba, ci da sutura da fara'a. Amma daga ranar, duk lokacin da na ɗaga murya a tsakar gida sai in ji keken ya ƙara sauri. Bibata ba ta dawo ba. Na ji an yi mata aure, ta kama lambu a bakin kogi. Ni na ci gaba da koyarwa shekaru da yawa, 'yan mata sun wuce ta hannuna ba iyaka, wasu sun kawo goron ma, amma kowacce sai in ce ba ta nuna ba tukuna. Ban sauke ko ɗaya ba. In na ba wata, me zan ce wa kaina game da waccan?

Ranar uku da rasuwarsa, ina zaune cikin mata da carbi, wata doguwar tsohuwa ta shigo ta durƙusa ta ce, “Yaya Rabi, kala suru, sai haƙuri.” Muryar kaɗai na ji na gane ta. Ta yi addu'a ta tashi. Na so in riƙe zanenta, amma ina cikin takaba, ba fita, ba waƙa. Wata huɗu da kwana goma na yi ina kukan mijina ina jin to ɗin nan tasa a kunnena. Ranar da na fita na sa aka sayo mini goro fari mai kyau, na ƙulle a gefen zane, na ce ƙaninki ya kai ni Gudel a mota ya jira ni a bakin hanya. Na same ta cikin lambu tana ba ganyen salati ruwa. Na durƙusa a cikin laka da gwiwoyin nan nawa, na miƙa mata goron. Ta ce subhanallahi, Yaya, tashi. Na ce ba zan tashi ba, na gaya mata komai, da goron da ban ce ta kawo ba, da hannun da ban ɗora ba. Ta ajiye bokitin ta zauna kusa da ni a kan kunya.

“Na sani, Yaya. Baba tela ya zo nan bayan wasan da kwana bakwai, ya kawo mini rigata da na yar a fili, ya wanke ya goge. Ya zauna can gindin mangwaron ya rera mini saukewar. Da muryar nan tasa kamar ana jan ƙofa.” Ta yi dariya har da hawaye. “Sau biyar ya yi, don in riƙe.”

Balki, kin ga tsufana, kin ga furfurata, miji a kabari. Wallahi abin da ya fara taso mini a ƙirji shi ne irin na ranar da keke ya tsaya. Mutumin da ban taɓa jin ya rera ko baiti ɗaya a gabana ba, ya je ya zauna gindin mangwaro ya yi wa wata sau biyar, ya dawo ya ci tuwona bai ce uffan ba, shekara da shekaru. Na ce mata, da zafi:

“Ashe kina da ita. Me ya hana ki waƙa?”

“Ya ce mini aro ya ba ni, don in san ba kaina ne ya toshe a fili ba. Ya ce mai ita tana nan, za ta zo.” Ta ɓare goron ta ba ni rabi. “Kin daɗe a hanya, Yaya. To, uwata, ki sauke ni.”

Na rera mata, da wannan abin da ya rage mini na murya, numfashi yana yankewa. Ta saurara idonta a rufe. Sannan ta ɗauko daga ɗan ƙarshen da na koya mata a da, ta hau, ta karyo, ta sauke ta a hankali, ta daki laka sau uku da tafin ƙafa. Mata biyu da ke wanki a bakin ruwa suka bar wankin suka juyo. Tsohuwa ce mai jikoki, rabin haƙoranta sun zube, shekara fiye da arba'in ba ta tsaya a fage ba, kuma har yanzu da na ji ta sai da wani abu ya soke ni a nan, ƙarƙashin haƙarƙari. Ban warke ba, kada ki rubuta cewa na warke.

Abin da za ki rubuta shi ne wanda aka roƙe ni a zaure na hana. Ki sa shi shi kaɗai a layinsa, da manyan baƙaƙe yadda iyayenki za su gani ba sai sun sa tabarau ba, in kuma za a je ziyarar kabarin kakanku ki ba ƙaninki ya karanta masa, tunda mu mata ba ma zuwa.

Bibata ta fi ni murya.

Kin rubuta? Nuna mini inda yake. To, ajiye alƙalamin, miƙo mini butar can, la'asar ta yi.